Waiwaye: asalin mahaɗin "a" a harsunan Silabawa

Wanda duk ya zauna koyon Rashanci, tun a makon farko zai ci karo da wasu ƙananan kalmomi uku: i, a da no. Malami kan ce masa i tana haɗa abu da abu, no kuma daidai take da "amma". Rigimar tana ga ta tsakiya. Harafi ɗaya ce tak, ga ta a bakin kowa dare da rana, sai dai kusan duk littafin koyarwa da aka rubuta da Ingilishi ko Faransanci kame-kame yake yi a kanta, don waɗannan harsuna biyu ba su da takwararta. Wani ya ce tana tsakanin "da" da "amma", wani ya ce "amma" ce mara ƙarfi. A ganina duka biyun sun kauce hanya, kuma tarihin kalmar shi ne shaida.

Idan Barashe ya ce "Ya student, a on vrach", abin da yake nufi shi ne "Ni ɗalibi ne, shi kuwa likita ne." Babu saɓani a zancen, zaman wani likita bai hana wani zama ɗalibi ba. An dai jera mutum biyu, an gama da na farko, an juya ga na biyu. Da no aka sa, da mai sauraro ya fahimci an karya wani zato da yake da shi, kamar a ce mutum attajiri ne amma marowaci. Haka in aka tambayi Barashe lafiyarsa ya amsa, sai ya mayar da "A ty?", wato "Kai fa?" Sannan akwai aikin gyara: "Eto ne chay, a kofe", ba shayi ba ne, kofi ne. Bahaushe bai cika shan wahala a nan ba, domin "kuwa", "shi kuma" da "fa" sun riga sun shirya masa kunne. Wannan tsari na kalmomi uku yana nan a wasu harsunan Silabawa, wato dangin Rashanci: a harshen Poland da i, a, ale, a na Sabiya da Kuroshiya da i, a, ali, a na Bulgeriya kuma da i, a, no.

Tunda kalmar a tana ko'ina a gidan harsunan Silabawa, gabas da yamma da kudu, masana sun yarda gado ce daga uwar harsunan, wadda Silabawa ke magana da ita kafin su bazu a gabashin Turai da yankin Balkan wajen ƙarni na 6. Inda aka daɗe ana ja-in-ja shi ne abin da ya gabaci haka. Wasu sun ce kalmar motsin rai ce kawai, irin "a!" ɗin da mutum kan yi in zai ja hankali, daga baya ta zauna a farkon jimla ta zama mahaɗi. Mafi yawa kuwa, ciki har da masanin harshe Max Vasmer a ƙamusunsa na asalin kalmomin Rashanci da ya fito a Heidelberg a shekarun 1950, sun danganta ta da wani tsohon wakilin suna na uwar harsunan Indiya da Turai, a sigarsa mai nufin "daga wannan", wadda ake kyautata zaton ana furta ta kamar od da dogon wasali.

Hujjar ɓangare na biyu ta fi gamsar da ni, saboda ba a kan kamannin sauti kaɗai ta tsaya ba. A Sanskirit na tsoffin waƙoƙin addinin Indiya akwai at, ma'anarta "daga nan, sannan". A harshen Abesta na tsohuwar Farisa akwai aat mai irin wannan aiki. A Lituweniya, maƙwabtan Silabawa na kusa, akwai o, wadda har gobe take aikin da a ke yi a Rashanci. Sai a dubi kalmar kyarkeci a sigarta mai nufin "daga kyarkeci" ko "na kyarkeci": Sanskirit vrkat, Lituweniyanci vilko, Rashanci volka. Ƙarshen kalmomin uku, at, o, a, shi ne dai mahaɗan nan uku ba ragi ba ƙari. Dokar sauti ɗaya ce ta bi ta kansu: Silabawa sun zubar da baƙin da ke ƙarshen kalma, dogon wasalin kuma ya koma a. Ke nan tun asali kalmar "daga nan" take cewa, wato a ci gaba zuwa abu na gaba. Bambancin da ake ji a cikinta yau ya samu ne daga yawan jera abu biyu kusa da juna.

Rubutu ya zo wa Silabawa a 863, lokacin da 'yan'uwa biyu daga birnin Tasalonika, Kiril da Metodiyus, suka isa Morabiya da ke tsakiyar Turai bisa gayyatar sarki Rastislab, suka fara fassara littattafan coci daga Girkanci. A tsoffin kwafen da suka tsira daga ƙarni na 10 da na 11, kalmar Girkanci kai mai nufin "da" galibi ta zama i, alla mai nufin "amma" ta zama kalmar da ta haifi no ta yau, de mai nufin "kuwa" an fi mayar da ita wata kalmar daban, zhe. Kalmar a tana nan a ciki, sai dai ba ta cika fili ba, don mai fassara yana bin sawun Girkanci ne.

Wanda ke son jin ta a bakin talakawa sai ya je Nobgorod, a arewa maso yammacin Rasha. A ranar 26 ga Yulin 1951, masu haƙa ƙarƙashin jagorancin Artemiy Artsikhovsky suka tono wani ɓawon itace da aka karce rubutu a jikinsa, ƙasa mai danshi ta adana shi. Daga lokacin an samu irinsa fiye da 1,000 a birnin, na tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Wasiƙun yau da kullum ne: bin bashi, saƙon hatsi, rikicin gado, mace tana aika wa ɗan'uwanta. Marubucin kan buɗe da gaisuwa daga wane zuwa wane, sa'an nan ya shiga buƙatunsa, kuma sau da yawa kowane sabon batu da harafin a yake farawa, ko da babu abin da ake bambanta shi da shi. Babu aya, babu waƙafi, yawanci ko tazara tsakanin kalmomi babu, saboda haka wannan harafi shi ke gaya wa mai karatu an gama da maganar kuɗi an shiga ta doki. Masanin harshe Andrey Zaliznyak, wanda ya ƙare rayuwarsa kan waɗannan wasiƙu, ya nuna yadda harshensu ya sha bamban da na coci. Kundin shari'a na sarki Iban na Uku na 1497 ma haka yake, doka bayan doka da a take buɗewa.

Daga wannan tushe kowane harshe ya kama gabansa. Rashanci ya tsuke ta ga jerawa da gyara. Mutanen Cek da Silobakiya suka sake ta har ta zama mahaɗinsu na yau da kullum: "Petr a Pavel" Bitrus da Bulus ne kawai, i kuma ta koma "har ma". Barashen da ya sauka a Firag, babban birnin Cek, kunnensa kan riƙa jiyo bambanci inda babu shi. Wasu kalmomin kuma a jikinta suka tsiro: ale da ali duk kalmar a ce aka liƙa wa ɗan ƙari, haka albo ta Poland da abo ta Yukiren masu nufin "ko". A Silobeniya ali "ko" take nufi, alhali a maƙwabciyarta Kuroshiya "amma" ce.

A kudu akwai baƙuwa ta huɗu da Bahaushe zai gane nan take. A Bulgeriya, Masedoniya da Bosniya ana cewa ama, kuma "amma" ɗinmu ce. Larabci ne tushensu duka, mu ta hanyar malamai da littattafai, su ta hanyar Turkanci a ƙarnonin da Turkawa suka mulki Balkan. A Larabcin kanta aikinta na asali juyawa ne ga sabon batu, kamar "amma ba'adu" da liman ke faɗa a huɗuba bayan yabo da salati, wanda ya fi kusa da a ta wasiƙun Nobgorod fiye da no. Bayan Bulgeriya ta fita daga hannun Turkawa a 1878, marubutanta sun yi ta kakkaɓe kalmomin Turkanci daga harshen littafi. A jarida da takardun gwamnati no da obache, masu nufin "amma", ake rubutawa, ama kuwa ta ci gaba da zamanta a kasuwa da cikin gida.