Tambayoyi kan zakka da baiko a coci

Wai zakka dole ce ga Kirista yau?

Toh, a Tsohon Alkawari kam doka ce. Littafin Firistoci 27:30 ya ce ɗaya bisa goma na amfanin ƙasa na Ubangiji ne, dalilin kuma yana Ƙidaya 18:21, Lawiyawa ba a yanka musu ƙasar gado kamar sauran kabilu ba, hidimar alfarwa ta sujada suke yi, da zakkar nan suke ci. A Sabon Alkawari kuwa ba inda manzanni suka yanke wa ikilisiya adadi, abin da Bulus ya faɗa a 2 Korantiyawa 9:7 shi ne kowa ya bayar yadda ya yi niyya, ba da ɓacin rai ko tilas ba, don Allah yana son mai bayarwa da daɗin rai. Fastoci sun rabu a nan, wasu na riƙe gam da Malakai 3:10, inda aka ce a kawo cikakkiyar zakka gidan Allah. Ni dai a ganina ɗaya bisa goma wurin farawa ne mai kyau, amma wanda ke lissafi har kobo don kar ya zarce, akwai gyara a zuciyarsa.

Albashina ba ya kai ƙarshen wata fa, me zan bayar?

Abin da kake da shi ake dubawa, ba wanda ba ka da shi ba, haka 2 Korantiyawa 8:12 ta ce. Ikilisiyoyin Makidoniya da Bulus ke yabo a surar nan talakawa ne tilis, amma su suka roƙa a bar su su taimaki 'yan'uwa na Urushalima. Gwauruwar Markus 12 ma anini biyu ta zuba, Yesu ya ce ta fi masu kuɗin duka. Kuma ba sai naira ba ai, je cocin ƙauye ranar godiyar kaka ka ga buhun masara da doya da kaza ɗaure a gaban bagade, wata tsohuwa 'yar ƙungiyar Zumuntar Mata na tafe tana rawa da kwanon gyaɗa a ka. Dabarar tana 1 Korantiyawa 16:2, ka ware tun ranar farko ta mako daidai samunka, ba sai faranti ya iso layinku ka fara lalube aljihu ba.

Idan na "shuka iri", wato na ba da kuɗi da fatan samun riba, Allah zai ninka min?

Nan ake cutar mutane. E, akwai zancen shuka da girbi a 2 Korantiyawa 9, amma karanta har aya 11, ana wadata ka ne don ka ƙara bayarwa. Siman mai sihiri da ya miƙa kuɗi ya sayi baiwar Allah, Bitrus ce masa ya yi kuɗinka su hallaka tare da kai. Duk wanda ya manna farashi a kan addu'a, ka riƙe ambulan ɗinka.

Kuɗin makarantar yara ko gudummawar ginin coci?

Biya na yaran. 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni.

Laifi ne in tambayi inda baikon ke tafiya?

Ko kaɗan. Bulus kansa bai yarda ya riƙe gudummawar 'yan'uwa na Urushalima shi kaɗai ba, ya tura Titus tare da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa don kar a samu abin zargi. Saboda haka in ma'aji ya tashi karanta rahoton kuɗi, kar ka sulale waje, zauna ka ji nawa ya tafi wa masu bishara da gwauraye, nawa ya tafi man janareta.