Gatari ko langalanga? Tambayoyi da amsoshi kan lilon sandar golf

Duk wanda ya daɗe yana buga golf a Jos, ko ƙwallon lambu kamar yadda wasu gidajen rediyo kan ce, ya san hirar bayan wasa ta fi wasan tsawo. Ana zaune a Rayfield, filin da aka kafa tun 1913 zamanin Turawan haƙar kuza, kowa na kai ƙarar ƙwallonsa da ta ƙi jin magana. Ni ba koci ba ne. Tsohon ɗan wasa ne da ya sha kunya har ta ishe shi, ya koma ya yi wa abin karatun ta-natsu. Ga tambayoyin da aka fi yi mini. Da mai bugu da dama nake magana. Bahago sai ya juya komai.

Wai mene ne wannan "filen" da kociyoyi suka bi suka dame mu da shi?

Faifai ne. Ɗauko faifan da ake rufe ƙwarya da shi, ka tsayar a ƙasa, ka karkato shi kamar an jingina da bango. To ka ƙaddara ya yi girman da kai kanka kana tsaye a tsakiyarsa, bakinsa na ƙasa yana taɓa ƙwallo, na sama ya wuce ta bayan ƙeyarka. Bakin faifan nan kan sandarka ke bi, daga ɗagawa har saukewa. Ben Hogan, Ba'amurken da ya ci manyan gasa 9, shi ya sa maganar ta bazu da littafinsa na 1957. Ya kwatanta abin da faffaɗan gilashi da ya taso daga ƙwallo ya kwanta a kafaɗun mai bugu, kansa ya leƙo ta wata huda. Hannuwa su yi aikinsu a ƙarƙashin gilashin, kada su fasa shi.

Faifan na da yawan karkata, yana kuma da inda ya dosa. Karkatar, sanda ce ke yi maka ita: direba, wadda ta fi kowace tsawo a jaka, wajen inci 45, tana sa ka tsaya nesa da ƙwallo, faifai ya kwanta, weji mai inci 35 ko kusa da haka kuwa matso da kai yake yi, faifai ya miƙe. Inda ya dosa, wato saitin tutar da ke tsaye a ramin da ake son ƙwallo ta shiga, ko hagunta ko damanta, nan ne yawancin ciwon kanmu yake.

Ƙwallona sai ta tashi kamar abin arziki, can sai ta karkace dama ta shige daji. Me nake yi ba daidai ba?

Wani Alhaji da ya girme ni da shekaru ya yi mini wannan tambayar a wajen atisaye. Na kalli bugunsa uku na ce, ranka ya daɗe, ai faskare kake yi. Ya yi dariya, amma maganar gaskiya ce. Da zarar sanda ta kai ƙololuwa, kafaɗarsa ta dama ce ke fara zabura, ta wurgo hannuwa waje da sama. Sanda ta sauko a tsaye kamar gatari, ta ratsa ƙwallo daga waje zuwa ciki. Faifansa ya dosa hagu ke nan.

Na'urorin da ke auna bugu da rada, irin TrackMan na ƙasar Denmak, sun warware wata tsohuwar gardama. Inda ƙwallo ke fara nufa, fuskar sanda ce ke da kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na hukuncinsa. Lanƙwasar da take yi a sama kuwa tana fitowa ne daga saɓanin da ke tsakanin inda fuskar ta kalla da hanyar da sandar ta bi. In hanya ta nufi hagu sosai, fuska kuma ta kalli dama da wannan hanyar, ƙwallo za ta ɗauki juyin da zai kai ta dama. Shi ne sulais. Abin haushin, mai sulais kan ƙara saita jikinsa hagu don ya rama, sai saɓanin ya ƙaru. Ana maganin ƙaba kai na kumbura.

Wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san langalanga. Ba ka sare ciyawa daga sama. Ta gefe kake sharo ta, hannu a sake, ƙugu na gaba, ƙarfen na biye. Wannan jin nake so Alhaji ya nema a farkon saukowa: nauyi ya fara komawa ƙafar hagu, bayansa ya ɗan ƙara daɗewa yana fuskantar tuta, hannuwa su faɗo ƙasa da kansu kafin kafaɗu su buɗe. Tsarin ƙwararru ke nan: ƙugu, ƙirji, hannuwa, sannan sanda. Na ajiye masa hular direba, wato rigar da ake rufe kan sandar da ita, a bayan ƙwallo, ta can waje kaɗan, na ce ya buga kada ya taɓa ta. Sau biyar na farko hular ta fi ƙwallon tafiya.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Wanda ya kwantar da faifai ya wuce kima, sandarsa kan maƙale a bayansa, ya riƙa tura ƙwallo dama ko ya murɗe ta hagu da ƙarfi. Golf na tsakanin gatari da langalanga ne, amma mutum tara cikin goman da nake gani sun fi kusa da gatari.

Dole ne sanda ta hau ta sauko a kan faifai guda?

A'a. Jim Furyk, ƙwararren ɗan wasan Amurka, kan ɗaga sanda a tsaye, ya yi wani kewaye a sama mai ban dariya, sannan ya sauko da ita daidai. Da wannan lilon ya ci babbar gasar US Open a 2003, ya kuma kammala zagayen fili ɗaya da bugu 58 kacal a 2016. Bryson DeChambeau kuwa, shi ma Ba'amurke, ya sa an yi masa ayan-ayan ɗinsa, wato sandunan masu siririn kan ƙarfe da lambobi, duk tsawo ɗaya don faifai kada ya canza, ya ci gasar a 2020 da 2024. Inda suka haɗu shi ne daga lokacin da hannuwa suka sauko saitin ƙugu zuwa lokacin da suka kai saitin ƙugu a ɗaya gefen. Can sama kowa da kiwon da ya karɓe shi.

An ce hannun hagu ya miƙe kyam. Nawa ba ya miƙewa. Na haƙura ke nan?

Calvin Peete, baƙar fata ɗan Amurka, ya karye a gwiwar hannun hagu yana yaro, ɗorin bai yi daidai ba, har ya mutu hannun bai miƙe ba. Shekara goma a jere, daga 1981 zuwa 1990, babu wanda ya kai shi saita ƙwallo a tsakiyar fili a gasannin ƙwararru na PGA a Amurka, ya kuma ci kofi 12. Abin da ake nema shi ne tazarar da ke tsakanin ƙirji da hannuwa ta tsaya yadda take, kada ta riƙa raguwa tana ƙaruwa. Miƙewa daban, sanƙarewa daban. Wanda ya sanƙarar da hannu ya kashe wuyan hannunsa, gudun sanda kuwa can yake.

Ni a ganina an cika yi wa hannun hagu wa'azi an manta da na dama. A lokacin da sanda ke taɓa ƙwallo, hannun dama bai gama miƙewa ba. Gwiwarsa na nan da ɗan lanƙwasa, a gaban ƙugun dama, sai bayan ƙwallo ta tafi hannuwan biyu suke miƙewa tare. Ka tuna yadda muke jifan ɓantaren dutse a kududdufan da haƙar kuza ta bari, don ya yi tsalle-tsalle a kan ruwa: gwiwar hannu ce ke gaba, tafi na baya, sakin sai a ƙarshe. Wanda ya miƙar da hannun dama tun daga sama ya kashe kuɗinsa kafin ya isa kasuwa.

To me zan yi da hannuwana a daidai lokacin da sanda ta haɗu da ƙwallo?

Babu. Wannan ce amsar da ba a so a ji. Sanda da ƙwallo na haɗuwa ne na kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Saukowar gaba ɗaya ma wajen rubu'in daƙiƙa ce. Kafin saƙon taɓawar ya kai ƙwaƙwalwarka, ƙwallo ta yi nisa. Duk abin da zai faru a wurin an riga an yanke shi tun a sama.

Abin da za ka iya koya shi ne siffar da kake so jiki ya ratsa ta cikinta. Ba irin tsayuwar farko ba ce. Yawancin nauyi na kan ƙafar hagu, ƙugu ya buɗe ya fara kallon tuta, hannuwa sun ɗan riga kan sanda, bayan hannun hagu a shafe, wuyan hannun dama da sauran lanƙwasa ta baya. Da ayan, ƙwallo ake fara taɓawa sannan ƙasa. Ƙwararru kan sauko wa ayan mai lamba 7 da kusan digiri 4 zuwa ƙasa. Mu kuwa sai mu ce za mu taimaka wa ƙwallo ta tashi, mu kwaso ta kamar da ludayi, nauyi a ƙafar baya. Sakamakon ɗaya ne cikin biyu: ko a daki ƙasa kafin ƙwallo, ko a daki kan ƙwallo ta yi ta birgima. Ɗagawa aikin fuskar sanda ne, don haka aka karkata ta.

Wani yaro kadi, wato mai ɗaukar wa ɗan wasa jakar sanduna, shi ne ya koya mini wannan, ba littafi ba. Ranar na yi ta noma a wajen atisaye, shi yana tsaye da jaka yana kallo. Can ya ce, yallaɓai, ka ba ni izini? Ya ciro ti, ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai, daga aljihu, ya ja layi a kan rairayi tsakanin ƙafafuna, ya kwashe ƙwallayen duka ya zuba a bokiti. Ya ce, yau ƙasa za mu duba. Ka buga, ramin ya fara daga layi ya yi gaba. Na buga goma. Takwas sun fara kamu guda a bayan layin, kuma dukansu sun karkata hagu kamar sawun kaza. Ga ludayi, ga gatari, a rubuce a ƙasa, babu gardama. Har gobe da layin nan nake fara atisaye. Direba kaɗai ta fita daga wannan hukunci, domin ƙwallonta na kan ti, ana sharo ta ne.

Gwiwar hannuna na hagu na fita waje bayan bugu. Yaya zan hana ta?

Turawa na kiran wannan fiffiken kaza, sunan kuma ya dace. Amma gwiwar ba ita ce mai laifi ba, ceto take yi. In sanda ta sauko a tsaye, ko ƙirji ya daina juyawa, hannuwa ba su da wurin wucewa, sai su naɗe don kada ka haƙa rijiya. Sa ƙaramin tawul a hammata biyu, ka yi rabin lilo da ayan mai lamba 9, ƙugu zuwa ƙugu, tawul kada ya faɗi. Dole ƙirji ya tafi tare da hannuwa. Rabin lilo na ce. Cikakken lilo da tawul wata cutar zai koya maka.

Dukan tsohuwar taya fa, yana da amfani?

Yana da shi. Henry Cotton na Ingila, wanda ya ci gasar Open a 1934 da 1937 da 1948, da taya yake horar da ɗalibansa. Tana nuna maka ko hannuwa sun riga kan sanda isa. Amma a hankali, da tsohuwar sanda, kuma da rabin ƙarfi. Wani rani na haɗa dukan taya da bugu a busasshiyar ƙasa kullum, gwiwar hannuna ta ɗauki ciwon da sai da na yi makonni ko butar alwala ban iya ɗagawa da daɗi. Buhun da aka cusa wa tsummoki ya fi sauƙi ga gaɓoɓi.

A Abuja nake wasa. Me ya sa in na zo Jos ƙwallona ta fi tafiya, sulais ɗin ma ya ragu?

Wata Hajiya da ke buga wasanta a filin IBB da ke Maitama ce ta tambaya, tana murnar ta warke. Na ce Hajiya, kada ki yi saurin yanka rago. Jos na bisa tudu, kimanin mita 1,200 daga saman teku, iskarta ba ta kai ta Abuja kauri ba. Ƙwallo kan ɗan ƙara nisa, juyin da ke lanƙwasa ta ma ba ya samun abin kamawa sosai. Da rani kuma ƙasa ta bushe, ƙwallo ta yi ta gudu bayan ta sauka. Faifanki na nan inda kika bar shi. Busasshiyar ƙasar ma ba ta rufa asiri: lallausar ciyawa kan yafe wa wanda ya ɗan daki baya, tsandauri kuwa sai ya dawo da sanda ta daki kan ƙwallo.

In kina so ki ga gaskiya, waya ta isa. A tsaya a bayanki, kyamara a tsayin hannuwanki, a kan layin da ya ratsa hannuwan ya nufi inda kika saita. In aka ɗauka daga sama ko daga gefe, faifai mai kyau ma zai fito a karkace. A sa ɗauka mai tafiyar hawainiya, ki tsayar da hoton a inda sanda ta sauko ta kwanta daidai da ƙasa. In kan sandar ya rufe hannuwanki ko yana ɗan bayansu, kina kan hanya. In ya fito ta wajen ƙwallo, ki nemo hular direba da ti na jan layi, mu haɗu a wajen atisaye bayan La'asar.