Alamomin zaizayewar ƙashi a jinin mata bayan ɗaukewar al'ada

Zaizayewar ƙashi cuta ce da ke rarake cikin ƙashi har ya riƙa karyewa a ƙaramar faɗuwa. Ta fi kama mata bayan jinin al'ada ya ɗauke, abin da galibi ke faruwa tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba ta ciwo kafin karaya. A Yamai da Tawa akan gane ta ne bayan tsohuwa ta zame ta karye a wuyan hannu ko kwankwaso an kai ta wurin maɗori. Rankwafewar baya kuwa sai a ce tsufa ne. Wannan makara ce ta sa masu bincike ke neman alamar cutar a jini.

Tarihi

Ana danganta sunan cutar na likitanci, osteoporosis, ga Jean Lobstein, likitan Faransa, wajejen 1830. Sai a 1940 zuwa 1941 Fuller Albright na Boston ya lura cewa yawancin masu ita mata ne da al'adarsu ta ɗauke, wasu ma an cire musu ma'ajiyar ƙwai, ya ɗora laifin a kan ƙarancin estrojen, sinadarin mata da ma'ajiyar ƙwai ke fitarwa. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: wadda awon kaurin ƙashinta da na'urar DXA ya nuna -2.5 ko ƙasa, a ma'aunin da ke kwatanta ƙashinta da na matashiya lafiyayya, tana da cutar. Na'urar tana da tsada, kuma ba ta da yawa a Afirka kudu da Sahara.

Babban ci gaba ya zo a 1997 da 1998, da aka gano sinadaran OPG da RANKL. Ƙashi ba ya zaune wuri ɗaya: wasu ƙwayoyin jiki na rushe tsoho, wasu na gina sabo. RANKL ne ke ta da masu rushewa, OPG ya tare shi. In estrojen ya ragu, RANKL da sinadaran kumburi irin su IL-6 da TNF sai su yi rinjaye, rushewa ta zarce gini, musamman a shekarun farko. Daga wannan sani aka ƙera maganin denosumab mai tare RANKL, wanda aka amince da shi a 2010.

Me ya sa ake duba jini?

Masu rushe ƙashi daga dangin fararen ƙwayoyin jini da ake kira monosit suka fito, don haka ana iya karanta halinsu ba tare da an huda ƙashi ba. Ƙwayar gadon da ke bakin aiki takan fitar da saƙo, ARN, kuma yawansa ake aunawa. A 2005 ayarin Hong-Wen Deng a Amurka ya ba da rahoton cewa ƙwayoyin gado uku, CCR3 da HDC da GCR, sun fi aiki a monosit ɗin mata masu raunin ƙashi. HDC ke haɗa histamin, wani sinadarin kumburi, GCR kuma ke karɓar sinadarin kortizol, wanda yawansa ke cin ƙashi. A 2012 aka ƙara da guntun ARN mai suna miR-133a. Matan da aka gwada ƙalilan ne, kuma Turawa. Wannan babban giɓi ne ga mace ƴar Nijar.

Matsayinsu a asibiti

Har yanzu alamomin na ɗakin bincike ne, ba a yanke hukuncin cutar da su. Sakamako yakan saɓa daga bincike zuwa bincike, ARN kuma yana saurin lalacewa, ajiyarsa mai tsawo na son sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, abin da zafin Afrilu da ɗaukewar wuta ke wahalarwa. Awon jinin da likitoci suka yarda da shi na CTX da P1NP ne, sinadaran da ke nuna rushewa da ginin ƙashi, don bin diddigin magani.

Saɓani

Ana jayayya kan tasirin yawan haihuwa da doguwar shayarwa a kan ƙarfin ƙashi. Akasarin ƙashin da mai shayarwa ta rasa yakan dawo bayan yaye.