Rarraba Yankin Arewa maso Yamma na Amurka zuwa gundumomi

A tarihin Amurka, Yankin Arewa maso Yamma shi ne ƙasar da ke tsakanin kogin Ohayo da kogin Misisifi da manyan tafkunan arewacin Amurka. Birtaniya ta sakar wa Amurka shi a yarjejeniyar Faris ta 1783, kuma daga cikinsa aka fitar da jihohin Ohayo, Indiyana, Ilinoi, Mishigan, Wiskonsin da wani ɓangare na Minesota. A nan gwamnatin tarayya ta fara gwada tsarin auna ƙasa tukuna kafin a sayar da ita.

Awon ƙasa

Dokar filaye ta 1785 ta ce a yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, kowanne mil 6 a tsaye, mil 6 a kwance, ana kiransa taunshif. Kowane taunshif ana raba shi sashe 36, sashe ɗaya eka 640. Sashe na 16 an keɓe shi don ɗaukar nauyin makarantar yankin.

Thomas Hutchins ne ya jagoranci 'yan safiyon farko a 1785, daga inda iyakar Fensilbeniya ta yamma ta haɗu da kogin Ohayo. Kayan aikinsu kamfas ne da sarƙar awo mai tsawon ƙafa 66. A ja ta sau 80 an yi mil guda. Suna kafa turke a kusurwa, su sassaƙe ɓawon itatuwan da ke kusa su yi musu alama, don ko turken ya ruɓe a gane wurin. Kurakurai sun yi yawa. Allurar kamfas ba ta nuna arewa sak, sarƙa tana miƙewa da yawan ja, ga tudu da fadama. Ga kuma matsalar siffar duniya: layukan da suka nufi arewa suna matsowa kusa da juna, shi ya sa daga baya aka riƙa saka layukan gyara.

A Gundumar Sojojin Bajiniya, wato filin da jihar Bajiniya ta keɓe wa tsofaffin sojojinta a cikin yankin, an bi tsohon salo, inda ake kwatanta iyaka da rafi da dutse da itace. Filaye suka hau kan juna, shari'u suka ɗauki shekaru.

Kafa gundumomi

Dokar 1787 ta ba gwamna ikon yanka gundumomi a inda aka ce 'yan asalin ƙasar sun sallama haƙƙinsu, ya kuma naɗa musu jami'ai. Gwamna Arthur St. Clair ya kafa gundumar farko, Washinton, a ƙarshen Yulin 1788, hedkwatarta Marietta. Majiyoyi sun ɗan saɓa kan ranar. Gundumomin Hamilton, St. Clair da Knox sun biyo baya a 1790, Randolph a 1795, sai Wayne a 1796. Gundumomin farko manya ne ainun, ana kuma tsaga su idan jama'a ta ƙaru, domin mutum ya iya kai wa kotu da ofishin rajistar fili ba tare da doguwar tafiya ba. Inda aka ajiye hedkwata farashin fili kan tashi, don haka masu filaye suka riƙa kokawa a kai. A 1799 St. Clair ya ƙi sa hannu kan ƙudurorin majalisar yankin na ƙirƙiro sababbin gundumomi, yana cewa hurumin nasa ne.

Sayarwa

Da farko ana gwanjon fili ne, mafi ƙanƙanta eka 640, a kan aƙalla dala 1 kowace eka, abin da ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, kamfanoni suka fi cin moriya. Dokar 1800 ta rage shi zuwa eka 320, ta yarda a biya kashi-kashi cikin shekara huɗu, aka buɗe ofisoshin filaye a Marietta, Chillicothe, Steubenville da Cincinnati. Bashin ya danne masu saye da yawa, sai dokar 1820 ta soke sayar da fili bashi, ta mayar da farashi dala 1.25 kowace eka kuɗi hannu, mafi ƙanƙanta eka 80.

'Yan asalin ƙasar

Ƙabilun Shawnee, Miami da ƙawayensu ba su amince da yarjejeniyoyin farko na sallama ƙasa ba, sun kuma fatattaki rundunar St. Clair a 1791. Bayan an ci su da yaƙi a Fallen Timbers a 1794, yarjejeniyar Greenville ta 1795 ta raba su da mafi yawan ƙasar da ta zama jihar Ohayo a 1803.