Khor Arba'at: Rafin da Bur Sudan ke sha

Wai ina Arba'at ɗin da ake cewa ruwanmu na Bur Sudan (wato Port Sudan, a ƙasar Sudan) daga can yake?

Kwari ne da ya taso daga duwatsun Bahar Maliya, ya ratsa ƙasar ƙabilar Beja, ya gangaro gaɓar teku arewa da Bur Sudan, tafiyar kimanin kilomita 40 daga gari. Duk Bahaushen garin da ya sayi jarkar ruwa a hannun mai keken jaki, da wuya bai sha ruwan nan ba.

Ina ruwan yake, alhali yashi kawai ake gani?

Yana ƙarƙashin yashin. Ruwan sama kan sauka a kan duwatsu da damina, wajen Yuli zuwa Satumba, bakin teku kuma sai da sanyi yake samun nasa. Dutse ba ya riƙe ruwa, sai ya kwararo gaba ɗaya cikin kwarin, yashi da tsakuwa su shanye wani kaso su ajiye. Daga nan rijiyoyi ke ja. Bayan Turawan Ingila sun kafa Bur Sudan a 1905 domin ta maye gurbin Sawakin, tashar da kakanninmu alhazai ke tsallakawa Jidda, daga baya Arba'at aka koma don shayar da garin.

Me ya faru da madatsar ruwan da aka yi a kwarin?

An gina ta a 2003, tana ɗaukar kimanin cubic mita miliyan 25. A watan Agustan 2024 ambaliya ta fasa ta, ta share ƙauyuka kusan 20, mutane da dama suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Shekara da shekaru laka na taruwa a cikinta, kuma a ganina rashin yashe ta da kula da ita ya taimaka wa ruwan wajen fasa ta.

Akwai namun daji?

Akwai, sai dai sun yi ƙaranci. A kan duwatsu ana samun akuyar daji mai lanƙwasasshen ƙaho da rema, a fili kuma barewa, wadda farauta ta kusa ƙarar da ita. Goriba da itatuwan ƙaya da itacen asuwaki ne ke bin gefen kwarin, raƙuma da awakin Beja na kiwo a ƙarƙashinsu.

Za a iya zuwa yawon buɗe ido?

Za a iya, amma a tafi da ɗan gari, kuma kada a kwana ko a ajiye mota a tsakiyar kwarin. Sama tana iya zama garau a inda kake, alhali can kan dutse an yi ruwa tun awa biyu da suka wuce.