Ga iyayen ɗaliban jinya masu zuwa aikin sa-kai a ƙasar waje

Ina cikin masu shirya ɗaliban nan kafin su tashi, kuma duk lokacin da tafiyar ta matso, wayata ba ta hutawa, tambayoyin iyaye kuma ba sa canzawa. Ga su nan na tattara wuri guda, kowace tambaya da amsata a ƙasanta. Don Allah a karanta kafin a kira ni da tsakar dare.

'Yata za ta je ta yi wa mutanen can magani ne?

A'a. Ɗaliba ce. Za ta je koyo da taimako a ƙarƙashin ma'aikatan wurin, waɗanda suke aikin tun kafin ta je, kuma za su ci gaba bayan ta dawo.

Kwana biyu ba mu ji daga gare ta ba. Anya lafiya?

Lafiya ƙalau, Hajiya. Ba a riƙe waya a ɗakin marasa lafiya, intanet yakan ɗauke, ga bambancin lokaci, ga gajiya. Da wani abu ya faru, mu za mu riga ku kira.

An yi mata allurar rigakafin zazzaɓin shawara tun da daɗewa. Sai an sake?

Ba sai an sake ba. Tun daga 11 ga Yulin 2016, a dokokin Hukumar Lafiya ta Duniya, katin rawaya, wato shaidar wannan allurar, na aiki har ƙarshen rayuwar mai shi. Amma katin ake son gani a filin jirgi, ba rantsuwarku ba. Wanda kuma ba a taɓa yi masa ba, katinsa ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka kada a zo min ana saura kwana uku a tashi.

Ni rigakafin da ya fi damuna ma na ciwon hanta nau'in B ne, wanda ba mai tambayata a kansa. Allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Wanda zai riƙa taɓa jini da sirinji bai kamata ya tafi da guda ɗaya a jiki ba. Akwai jadawalin gaggawa, ranar farko da ta 7 da ta 21 sannan ƙari bayan shekara, amma likita ne zai yanke wannan.

Ɗana ya rubuto yana murna, wai an bar shi ya ɗinke rauni shi kaɗai. In yi farin ciki ko in damu?

Wannan kam ba ta da gajeriyar amsa, sai ku yi haƙuri da ni.

Abin da muke ɗora su a kai tun kafin su tashi shi ne: aikin da ba a yarda ɗalibi ya yi a asibitin koyarwarsa ba sai da malami a kansa, hawa jirgi ba ya halatta masa shi. Ba shi da lasisi a gida, ba shi da shi a can. Ƙasashe suna da hukumomin da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista, kuma sunan ɗanku ba ya cikin littafin ko ɗaya. Majinyacin da ya miƙa masa hannu farin kaya ya gani, ya ji an ce baƙi sun zo daga waje, wataƙila ma ya ɗauka babban likita ne. Don mutum talaka ne, ko garinsu ba shi da isassun ma'aikata, ba shi ke sa jikinsa ya zama wurin gwaji ba.

To amma kafin hankalinku ya tashi, Alhaji, ku bincika me "shi kaɗai" ɗin ke nufi. Yara kan ƙara gishiri idan suna ba iyaye labari. Sau da yawa za ka tarar ma'aikaciyar wurin tana tsaye a kafaɗarsa, ita ta duba raunin, ita ta ce a ɗinke, shi allura kawai ya riƙe. Idan an riga an koya masa aikin a makaranta, an gwada shi an sa masa hannu, an kuma gaya wa majinyacin cewa ɗalibi ne ya amince, to wannan koyo ne, abin da ya kai shi ke nan. Ajin da yake ma abin dubawa ne. Abin da ya dace da ɗan shekarar ƙarshe bai dace da wanda jiya ya koyi awon hawan jini ba.

Akwai kuma halin gaggawa, ba zan ɓoye muku ba. Mace na zubar da jini bayan haihuwa, ungozoma ɗaya ce a ɗakin, hannunta biyu. Ba zan ce yaro ya harɗe hannu yana kallo ba. Ya kira taimako, ya miƙo kaya, ya riƙe ƙarin ruwa, ya ƙirga bugun jini, ya yi abin da ungozomar ta umarce shi. Sai dai gaggawa ba ta zama kullum. Idan kowace wasiƙa ta zo da labarin an bar masa ɗaki shi kaɗai, ko ya karɓi haihuwa, ko ya rubuta magani, to an mai da shi ma'aikacin kyauta, kuma ranar da aka samu kuskure babu wanda zai tsaya masa. Inshorar da ke kare ɗalibi daga kuskuren aiki ma galibi sharaɗinta shi ne yana ƙarƙashin kulawa.

Abin da nake so ku yi: kada ku kira asibitin can, kada ku yaɗa labarin, kada kuma ku rufe shi da faɗa har ya daina gaya muku gaskiya. Ku sanar da malamin da ya raka su, a asirce. Mai yiwuwa ba komai ba ne. Mai yiwuwa kuma ku ne kuka fara jin abin da ya kamata mu sani.

Idan allurar da aka yi wa majinyaci ta soki 'yata fa?

Ta wanke wurin nan take da sabulu da ruwa, ban da tsotsa, ban da matsewa, sannan ta faɗa wa mai kula da ita a lokacin, ba washegari ba. Maganin kariya daga HIV da ake kira PEP ana fara shi cikin awa 72, gara ma a awannin farko, a sha kwana 28. Ku kwantar da hankali: ko an tabbatar mai jinin yana da HIV, haɗarin kamuwa ta sukar allura kusan 3 ne cikin 1,000. Na ciwon hanta B kuwa, ga wanda ba shi da rigakafi, yakan kai 30 cikin 100. Kun ga dalilin nacina ke nan. Abin da nake tsoro shi ne kunya, yarinya ta yi shiru don kada a ce ta yi sakaci.

Muna da ragowar magunguna a gida. Mu ba ta ta kai musu sadaka?

Kada ku soma. Ƙa'idojin kyautar magani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitarwa a 1996 sun hana ba da ragowar da marasa lafiya suka bari, sun kuma nemi magani ya isa wurin yana da aƙalla shekara guda kafin wa'adinsa ya ƙare, da rubutu a harshen da ma'aikatan can ke karantawa. Ga kuma kwastan: tramadol a jaka na iya kai mutum gidan yari a Masar ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Mai son taimako ya tambayi asibitin abin da yake buƙata.

Ta turo hotonta da wani jariri a asibiti. Laifi ne in sa a Facebook?

Laifi ne, kuma ita ma bai kamata ta ɗauka ba. Kundin ɗa'ar Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, wanda aka fara a 1953 aka sabunta a 2021, ya ambaci kafafen sada zumunta a maganar rufa sirrin majinyaci. Da jikanku ne a kwance ba za ku so baƙo ya yaɗa shi ba. Ku goge, ku ce ta turo wanda ta ɗauka a bakin ƙofa.

Fasfonsa saura wata huɗu ya ƙare, tafiyar kuma ta sati uku ce.

A sabunta. Ƙasashe da yawa wata 6 suke nema.

Inshorar tafiya dole ce?

Dole. Ku duba ko ta haɗa da ɗauko mara lafiya a jirgi zuwa babban asibiti, don wannan ne mai tsadar.

Ta dawo lafiya, yanzu kuma zazzaɓi ya kama ta.

A kai ta asibiti yau, ba kantin magani ba. Abu na farko da za ta gaya wa likita shi ne ƙasar da ta je, ranar da ta dawo, da cewa a cikin marasa lafiya ta yi aiki.