Waiwaye: Yadda Aka Gano Telomares da Aikinsa a Bakin Kuromosom

Tun a shekarun 1930 Hermann Muller da Barbara McClintock suka lura cewa kuromosom (ƙunshin DNA mai ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta) da ya karye yakan manne da wani, amma bakinsa na asali ba ya mannewa. Muller ne ya raɗa wa wannan baki suna telomiya.

A 1971 da 1972 Alexey Olovnikov da James Watson, kowa daban, suka hango matsala. Inzayim (furotin mai gudanar da wani aiki a cikin ƙwayar halitta) mai kwafar DNA ba ya fara aiki sai an aza masa ɗan guntun RNA, wato sinadari mai kama da DNA, kuma idan aka cire guntun ƙarshe babu mai cike gurbinsa. Ke nan duk lokacin da ƙwayar halitta ta rabu, bakin sai ya ragu.

Amsar ta fito daga Tetrahymena, wata mitsitsiyar halittar ruwa. A 1978 Elizabeth Blackburn da Joseph Gall suka ga bakin kuromosom ɗinta maimaicin haruffan DNA ne, wato TTGGGG. A Disamban 1984 Carol Greider, ɗalibar Blackburn, ta gano inzayim ɗin da ke ƙara shi, wato telomares. Greider da Blackburn da Jack Szostak suka sami kyautar Nobel a 2009.

Abin ƙayatarwa shi ne telomares yana tafe da abin da zai kwafa. A jikin mutum, furotin TERT, wanda shi ne sashen telomares mai yin kwafin, na riƙe da RNA mai haruffa 451, kuma 11 kacal daga ciki ne ake amfani da su wajen kwafa. DNA sili biyu ne. Wasu daga cikin sha ɗayan nan sukan haɗu da silin da ya zarce ɗan'uwansa tsawo a bakin, TERT ya bi sauran yana jera TTAGGG harafi bayan harafi. Ya kai ƙarshe, sai RNA ta saki, ta matsa gaba, a sake. Sili ɗaya kawai yake tsawaitawa. Ɗayan wani inzayim ne ke cike shi daga baya. Kuma telomares ba ya isa wurin sai furotin TPP1 ya jawo shi.

Yawancin ƙwayoyin jikin baligi sun kashe TERT, wanda kariya ce babba, domin kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na cututtukan daji sai sun sake kunna shi suke ci gaba da rabuwa. Idan kuma telomares ya gaza tun daga gado, ɓargo kan kasa samar da jini, huhu ya ƙandare. Shi ya sa tallan magungunan "ƙara telomares don hana tsufa" ke buƙatar taka-tsantsan sosai. Maganin da hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2024, imetelstat, toshe inzayim ɗin yake yi.